Garwashin Maman Fifame

Shafi na 31

Masu turo min saƙo tun da sassafe wai na bar Fifame a bakin ruwa na tafi yawona, ku yi haƙuri, wuta aka ɗauke mana. Ke kuma baiwar Allah da kika ce in Farfesa ya faɗa tafki kada in tsamo shi, na ji ki, amma ba yau ba.

*

Tafkin Nokuwe bai gama farkawa ba. Hazo ya kwanta luf a kan ruwa, gidajen Zunkome na tsaye can nesa a kan ƙafafunsu na itace, sai ka rantse a iska suke rataye. Balbelu sun jeru a kan shingen kifi, ba mai motsi. Ba abin da ake ji sai filafilin Fifame yana shiga ruwa yana fita.

Farfesa Ahuwansu, mai duba aikinta a jami'a, na zaune a tsakiyar kwale-kwalen ya ƙanƙame jakarsa a ƙirji.

"Ki rage gudu, yarinya."

"Farfesa, ai ko tafiyar ba mu fara ba."

"Ni mutumin tudu ne. Kakana bai bar min wasiyyar in mutu a ruwa ba."

Ta yi murmushi kawai, don hankalinta ba ya wurin.

Tun a jirgin da ya dawo da ita daga Faransa mafarki ɗaya take yi ido biyu. Babban ɗakin taron jami'a, fanka na juyawa a hankali, ita cikin doguwar riga, an kira sunanta da Dokta a gaba. A layin farko ga Mama da sabon zani mai ruwan zuma. Mama ba ta tafi a cikin taro, kunya take ji. Ido za ta zuba mata, ta yi ta kallo har sai Fifame ta sunkuyar da kai. Wannan kallon ne Fifame take yi wa wahala shekara uku.

Aikin nata kuwa tambaya ɗaya ce. In aka ba mace mai bandar kifi sabon murhu mai bututu, wanda ba ya cin itace, hayaƙinsa na tashi sama maimakon ya shige ido, kifinsa kuma ya daɗe bai lalace ba, shin sana'arta za ta girma? Don a gane, sai an ba wasu an hana wasu, a ƙarshe a gwada. Ƙuri'a aka yi a gaban kowa, wake fari da wake baƙi a cikin ƙwarya. Unguwar Gabas ta ɗauki fari, ta samu murhu. Unguwar Yamma kuwa Mama ce ta sa musu hannu, da yake ita ce babba, ta fito da baƙi.

"Shekara biyu ce kacal, Mama," Fifame ta ce mata ran nan. "Kada a taɓa tsohon murhu har in dawo. In aka taɓa, aikina ya mutu."

Mama ta goge idonta da bakin zani, dama tun lokacin suna yi mata ruwa, ta ce, "To."

Yau ga shi shekara biyun ta zo ƙarshe.

"Waccan ce Gabas ko?" Farfesa ya nuna da haɓa. "Kai, dubi kyau! Dubi yadda hayaƙin ke tashi."

Rana ta fara keta hazo. A saman rufin gidaje siraran zaren hayaƙi ne farare suke hawa a miƙe, da yawa, kowanne daga bakin bututunsa. Abin ya yi kyau, gaskiya ya yi kyau.

Filafilin Fifame ya tsaya cak.

"Lafiya?"

Ta waiwaya ta dubi rana.

"Fifame, na ce lafiya?"

"Farfesa..." ta ce. "Rana tana bayanmu."

"To sai me?"

"Wannan Yamma ce."

*

Tanti Dosi suka fara cin karo da ita, shugabar matan Yamma, ta cika kwale-kwalenta da kwandunan banda har ruwa na lasar bakinsa. Malafarta kaɗai ta isa ta yi wa mutum biyu inuwa.

"Ayyiriri! Wa nake gani? 'Yar Turai! Ke, ba su da kifi a can ne? Dubi wuyanki kamar na zalɓe!"

"Tanti, ina kwana."

"Lafiya lau, 'yata. Wannan mai tabarau fa? Mijin ne? Ya ɗan tsufa, amma ba laifi."

"Malamina ne, Tanti. Kin san shi, shi ya riƙe ƙwaryar wake."

"Oho, mai ƙwarya! Sannu da zuwa, Baba. Saki jakar nan, ba mai ƙwace maka."

Fifame ta kama bakin kwale-kwalen Tanti da hannu biyu.

"Tanti, wa ya gina muku?"

"Me?"

"Murhu."

"Hannunmu mana."

"Wa ya koya muku?"

"Idonmu." Tanti ta bushe da dariya. "Ke, ba ki ga yadda muka yi ƙiba ba? Yanzu har babbar kasuwar Dantokpa kifinmu ke zuwa. Afiyabi ta sayi inji ta sa wa jirginta, ba ta gaisawa da kowa. Ni ma na ɗauki mata biyu suna taya ni."

"Na ce muku ku jira!"

"Kin ce. Muka ce to."

"To me ya faru?"

Tanti Dosi ta daina dariya, ta karkata malafa ta dube ta da kyau.

"A nan fa aka yanke miki cibiya. Ni za ki tambaya me ya faru? Sabon murhu da me ake kunna shi?"

Fifame ta runtse ido. Ta sani. Wallahi ta sani. Tana yarinya ita ake ɗora wa kasko a cinya, garwashi na ciki an rufe shi da toka, Mama na tuƙi, ita tana hura shi a hankali don kada ya mutu a hanya. A Zunkome ba a fara wuta a sabon murhu sai da garwashin murhun da ya fi kowanne tsufa a gari. Waɗanda suka kai wutar kuma ba sa juyawa hannu rabbana. A nan suke wuni, su taya kwaɓa ƙasa, su taya shafe, su ci kifin farko.

"Na raba ashana," ta ce, kamar mai magana a barci. "Kowace mace a Gabas na ba ta ashana. Kwali-kwali. Na roƙe su."

"Allah ya saka miki, har yau da ita suke kunna fitila."

"Tanti!"

"Ke ma dai! Murhu da ashana? Murhun da ba shi da uwa? Wa zai ci kifinsa? Garwashi suka aiko nema, murhun da ya fi tsufa kuma a Yamma yake, na uwarki. Ana hana wuta ne? Muka kai. Wannan gida yau, wancan gobe. Muka kwaɓa, muka shafe, muka ɗora bututu. Kafin a gama Gabas, ko ido rufe zan gina shi. Sai mu dawo gida mu zauna cikin hayaƙi muna tari, abin yana hannunmu? Haba, 'yata."

"Amma yaran da na sa suke kiranku a waya duk wata, ba wanda kuka gaya wa."

"Su suka tambaya? Kwando nawa kika sayar, kwando nawa ya lalace, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa cewa da me kika gasa."

Farfesa Ahuwansu ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Da ya buɗe baki sai ya koma Faransanci don kada Tanti ta ji. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Kin san ma'anar wannan."

"Na sani."

"Gabas sun ci gaba, Yamma sun ci gaba. Wa za mu gwada da wa?"

"Farfesa..."

"Bari in gama. Masu ɗaukar nauyin aikin nan suna zuwa ƙarshen wata. Ba za su zauna sauraron labarin garwashi ba. Abu ɗaya za su gani: uwar mai binciken tana Yamma, ita ce babbarsu, murhu kuma ya tsallaka Yamma."

"Ban ba ta ba!"

"Aikin da ya lalace da kansa ana iya ceto shi. A sake masa fuska, a rubuta yadda sabon abu ke yaɗuwa a tsakanin mata, wataƙila ma ya fi na farkon daɗi. Amma aikin da mai shi ta lalata da hannunta don uwarta, korarta ake yi, Fifame. Ni ma sai na amsa tambaya. Ki dube ni. Kin bar mata wani abu?"

Ta buɗe baki za ta ce a'a, sai ta tuna.

Ɗan murhun yumɓu. Ɗan ƙarami wanda bai fi tafin hannu ba, da bututunsa da komai, wanda ta ƙera don ta riƙa nuna wa mata. Ranar da za ta tafi ta manta shi a kan akwatin Mama.

Farfesa ya ga fuskarta, ya kawar da kai ya dubi ruwa.

Ta juya wurin Tanti Dosi.

"Mama ce ta fara, ko?"

Wani abu ya gifta a fuskar Tanti.

"Tanti, Mama ce ta fara gina shi?"

"Yaushe rabonki da ita?"

"Muna waya duk Lahadi. Lafiyarta lau."

"Haka ta ce miki?"

"Ki ba ni amsa mana!"

Tanti Dosi ta ɓamɓare hannun Fifame daga bakin jirginta a hankali, ta dafa gora ta tura.

"Je ki gani da ido. Ke ai Allah ya bar miki naki."

*

Fushi ne ya tuƙa kwale-kwalen nan, ba Fifame ba. Farfesa ko ƙorafin gudu bai ƙara yi ba.

Haushin Mama take ji, irin haushin da ke sa hawaye. Wato duk Lahadin nan da take cewa "ki yi karatunki, komai na nan yadda kika bari", ƙarya ce? Ita tana can cikin sanyi tana cin burodi busasshe, tana auna riba da faɗuwar matan da tuni suka haɗe suka zama abu ɗaya? Ɗakin taron nan na mafarkinta ya fara dushewa, fankar ta tsaya, kujeru suka watse.

Suka ratsa ta cikin kainuwa, suka bi ta ƙarƙashin inuwar gidaje. Ko'ina bututu, ko'ina farin zare yana hawa sama. Mata na leƙowa ta taga su kira sunanta, in sun ga inda ta nufa sai su yi shiru su koma ciki.

Sai iska ta canza.

Warin ne ya fara iso ta, warin yarintarta, mai ɗaci, mai kama maƙogwaro. Farfesa ya fara tari. A ƙarshen unguwa, inda ruwa ya buɗe, gida ɗaya ne ya lulluɓe da baƙin hayaƙi. Ba ya tashi sama. Ta ƙofa yake fita, ta taga, ta tsakanin gorar bango, ya kwanta a kan ruwa yana rarrafe.

Babu bututu a rufin.

Fifame ba ta san lokacin da ta ɗaure jirgi ba, ba ta san yadda ta hau tsani ba.

Mama na zaune a kan 'yar kujerarta ta ba ƙofa baya, tana juya karfasa a kan tsohon murhu, wanda ya tsage ta gefe tun Fifame na goye. Yatsunta na bin kifin ɗaya bayan ɗaya, tana taɓawa tana juyawa.

"Tun daga shingen Baba Zinsu na ji filafilinki," ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "Har yau hannun hagunki ya fi ƙarfi. Sannu da hanya, uwata."

"Mama..."

"Da baƙo kike. Takunsa da nauyi."

"Farfesa ne."

"Mai ƙwarya! Sannu, Baba. Ka yi haƙuri da hayaƙinmu, ka zauna ta bakin ƙofa."

Duk maganar da Fifame ta ƙunso a baki ta narke. Ta dubi murhun, ta dubi bangon da ya yi baƙi ƙirin.

"Mama, ina naki?"

"Nawa me?"

"Sabon murhu. Kowa ya gina."

"Kin ce kada a taɓa."

"Amma kowa ya taɓa!"

"Kowa ba shi ya haife ki ba." Ta yi tari mai tsawo, ta tofar a ruwa ta tsakanin katako. "Wuta dai na ba su, ba a hana wuta. Da suka dawo da abin a hannunsu, nan suka fara zuwa. Dosi da ƙasarta a kwando, wai nawa za a fara ginawa tunda ni ce uwar wuta. Na kore su. Suka dawo, na sake korarsu. Har limamin coci suka turo min."

"Don me, Mama?"

"Na ce in duk sun gina, me 'yata za ta auna in ta dawo? Ko gida ɗaya ne a bar mata."

Wayyo Allah. Gida ɗaya. Fifame ta jingina da bango. Ta yaya za ta gaya wa matar nan cewa ba a gwaji da gida ɗaya? Cewa tun ranar da Tanti Dosi ta ɗora bututu, zaman Mama cikin hayaƙin nan bai ƙara wa binciken komai ba?

"Ɗan abin wasanki na nan," Mama ta ci gaba da fara'arta. "Ban nuna wa kowa ba, a ƙasan akwati na ɓoye shi. In na gama aiki sai in ɗauko in riƙa shafawa. Na haddace shi tsaf, har ɗan ramin nan na gefe."

Farfesa Ahuwansu ya matso bayan Fifame, hankici a hanci, idanunsa jajur.

"Kin fita daga zargi," ya raɗa mata da Faransanci. "Kin ji? Wadda ta saci murhu don uwarta ba ta barin uwar a haka. Duk wanda ya ga ɗakin nan ya san hannunki ba ya ciki."

Ba ta ji daɗi ba. Ko kaɗan ba ta ji ba.

"Zo mana in gan ki," Mama ta ce. "Dosi ta ce duk wanda ya je can fari yake dawowa."

Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta juyo da murmushinta, ta buɗe hannuwa biyu.

Ta nufi ginshiƙin da ke tsakiyar ɗaki.

Fifame na tsaye a dama, rana na dukan fuskarta ta ƙofa, taku biyu ne tsakaninsu. Mama ta wuce ta. Hannunta ya taɓa itace, ta tsaya, ta ɗan yi dariyar kunya.

"Af. Kin matsa ne?"

"Ga ni nan, Mama."

Da ta juyo wajen muryar, a nan Fifame ta gani. Idanun nan da take mafarkin su a layin farko, farar yana ta rufe su duka biyun.

"Yesu! Mama! Tun yaushe?"

"Kada ki ɗaga murya gaban baƙo."

"Tun yaushe?"

"Na dama tun bara. Na hagu da damina ya bi shi. Ina ganin haske ai, in rana ta fito ina sani."

"Duk Lahadi ina tambayar ki!"

"Da na faɗa da kin baro karatu kin taho. Na san halinki."

Hannuwan Mama suka lalubo fuskarta, masu kaushi, masu warin banda. Suka bi goshi, suka bi kunci, suka tarar da hawaye suka share.

"Kin rame. Ba komai, zan gyara ki." Ta yi ƙasa da murya, kamar yarinya mai roƙon abu. "Uwata, shekara biyun ta cika ko? Ni lissafin ya ɓace min. In ta cika, ki aika wa Dosi su zo yau. Ƙasar da suka kawo tana nan a kwando, kullum ina yayyafa mata ruwa. Sun ce hayaƙinsa fari ne, siriri, yana tafiya sama abinsa ba ya taɓa kowa. Ina so in zauna kusa da shi ko sau ɗaya, kafin ɗan hasken nan ma ya tafi."

Fifame ta buɗe baki.

Farfesa ya riƙe mata gwiwar hannu. Ya sake komawa Faransanci.

"Kada ki amsa tukuna. Ɗakin nan kaɗai ne shaidarki. In aka ɗora bututu a rufin nan kafin baƙi su zo su gani da idonsu, ba ni da abin da zan kare ki da shi. Ƙarshen wata ne kacal, Fifame."

Kacal. Haka ita ma ta ce ranar wake.

Mama ta karkata kai, ba ta jin Faransanci, amma tana jin shiru. Hannunta na nan a kuncin 'yarta.

"Me Baba ya ce? Ba ta cika ba ne?" Ta yi murmushi, ta fara laluben 'yar kujerarta da ƙafa. "In da saura ki faɗa min, uwata. Ni ai na iya jira."